Man zurma, man gyaɗa da ƙaramin inji mai bugu biyu: santsi ba shi ne matsalar ba

Idan aka zuba man gyaɗa a cikin fetur aka ja igiyar ƙaramin janareta, zai tashi, zai kuma kawo wuta. Mai yiwuwa ma ƙararsa ta yi laushi fiye da yadda aka saba ji, hayaƙin kuma ya ragu. Shi ya sa zancen ya ƙi mutuwa a tsakanin masu janareta da masu zarton inji da masu kwale-kwale: lokaci-lokaci sai wani ya ce ya gwada, kuma bai ga komai ba. Gaskiya ya faɗa, a ranar farko ba a ganin komai. Ta fuskar santsi man tsirrai bai gaza ba, ya ma fi wanda ake tacewa daga ɗanyen man ƙasa. Gazawarsa tana cikin abin da yake bari a jikin inji bayan zafi ya dafa shi, wannan kuwa sai an kwashe awoyi masu yawa ana aiki kafin ya nuna kansa.

Inji mai bugu biyu ba shi da kwanon baƙin mai a ƙasa irin na mota ko na babur ɗin Boxer. Ɗakin kurankishaf ɗinsa fanko ne, aikin famfo yake yi. Fistin na hawa sama ya zuƙo iska da fetur daga kafireta zuwa cikin ɗakin, yana saukowa ya matse su, su bi ta ƙofofin jikin silinda su hau samansa, inda fulogi zai kunna su. Man da zai shafe injin a cikin fetur ɗin yake tahowa. Da sun shiga ɗakin mai ɗumi fetur ya zama tururi, ya bar ɗigon mai a kan boris biyu na kurankishaf, da boris ɗin allura na kwanrod, da gefen fistin da bangon silinda. Daga nan man yana rarrafawa sama a hankali, ya ƙone tare da fetur ko ya fice ta salansa. Tafiya ɗaya ce, ba ya dawowa. Babu matata, babu juye.

Man kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai. Haɗin 50:1 shi ne mililita 20 a kowace lita ta fetur, 40:1 mililita 25, 25:1 kuma mililita 40. Ƙaramin janareta irin Tiger 950, mai inji siisi 63, yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya. A ce yana shan rabin lita a awa. Ke nan a haɗin 50:1 mililita 10 na mai, cokali biyu na shayi, shi ne zai raba ƙarfe da ƙarfe a juyi 180,000. Zarton inji kuwa yakan haura juyi 12,000 a minti. Ana son wannan ɗan man ya narke a fetur ya zauna ba tare da ya rabu ba, ya manne wa ƙarfe, ya jure zafin fistin, sannan da zarar ya haura sama ya ƙone tas ba toka ba danƙo. Jure zafi da ƙonewa tas ba sa jituwa, kuma duk gwanintar masu haɗa man 2T, wato man kamfani na inji mai bugu biyu, a kan sulhunta su take.

Abin da ya ba man tsirrai santsi, da abin da ke lalata shi

Ƙwayar man tsirrai gilisarin ce guda ɗaya da sarƙoƙi uku na asid mai maiƙo a rataye da ita. Wurin da suka haɗu yana ɗauke da iskar oksijin, kuma wannan ɓangare yana kama fuskar ƙarfe da kansa, ya bar dogayen sarƙoƙin suna tsaye sun yi shimfiɗa mai wuyar gogewa. Man ƙasa ba shi da wannan ɗabi'a, sai an zuba masa sinadarai kafin ya kamo. Kauri ma ba laifi. A ma'aunin kaurin mai da ake kira sentistok, man gyaɗa yana da kamar 40 a zafin digiri 40, ya sauko zuwa wajen 8 a digiri 100, alhali mizanin Japan na man 2T abin da yake nema a digiri 100 shi ne kada ya gaza 6.5. Zafi ba ya tsinka shi da sauri kamar yadda yake tsinka man ƙasa, kuma idan an tace shi sosai ba ya ɗauke da ƙarfen da zai zama toka. A takarda dai kamar don wannan aiki aka halicce shi.

A jikin waɗannan sarƙoƙi akwai gurare masu rauni, inda ƙwayoyin kabon biyu suka yi haɗi mai ninki. Nan oksijin ke kama. Idan ga zafi ga iska ga ƙarfe, sarƙoƙin sai su riƙa ɗaurewa da juna, man ya yi kauri, ya zama danƙo, daga baya ya bushe ya yi tauri. Duk wanda ya taɓa duba gefen kaskon mai ƙosai ya ga abin: wannan jan danƙon da sabulu ba ya fitarwa sai an kankare, man suya ne da zafi ya mayar haka. Ana auna yawan guraren da abin da ake kira lambar aidin. Man kwakwa yana wajen 10, manja 50 da ɗoriya, man gyaɗa da man zurma tsakanin 80 da 100, man angurya da man riɗi sun haura 100, man waken suya yana wajen 130. Lambar na hawa, saurin yin danƙo na ƙaruwa. Mafi yawan man girkin da ake sayarwa a jarka ba a ma san mene ne a cikinsa ba.

Wurin da wannan danƙo ya fi yin ɓarna shi ne ramin ringi, wato zoben ƙarfen da ke kewaye da fistin. Tazarar da ke tsakanin ringi da raminsa a jikin fistin ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma a injin da iska ke sanyayawa zafin wurin yakan wuce digiri 200, musamman a ɓangaren da ke kallon ƙofar salansa. Man da ya shiga nan ba ya samun wutar da za ta ƙone shi, dahuwa kawai yake yi. Danƙo ya cika ramin, ringi ya maƙale ta wannan ɓangaren, ya daina buɗewa ya matse bangon silinda. Daga nan abu biyu ke faruwa tare. Iskar wuta tana zarcewa ƙasa ta gefen fistin tana ƙone ɗan man da ke shafe da shi. Sannan ringi shi ne babbar hanyar da zafin fistin ke bi ya shiga jikin silinda, to hanyar ta toshe. Fistin ya ƙara zafi, ya kumbura, alminiyon ɗinsa ya fara gogewa yana mannewa a bango, wata rana inji ya kama ana tsakiyar aiki. Bakanike zai buɗe ya ga zane-zane a tsaye a gefen salansa, ya ce an hana injin mai. Ba a hana shi ba, man da aka ba shi ne ya ɗaure ringi.

Kafin a kai nan akwai alamu. Igiya ta yi sako-sako a hannu saboda matsi ya ragu. Inji ya tashi da sanyi amma idan ya yi zafi aka kashe ya ƙi tashi. Janareta ya fara nishi da kayan da a da yake ɗauka ba wahala. Wani lokaci akasin haka ake gani da safe: danƙon ya huce cikin dare ya yi tauri, igiya ta ƙi jawuwa sai an yi da gaske.

Gilisarin ɗin ma tana da nata laifin. Zafi mai tsanani yana tsinke ta daga sarƙoƙin, wani ɓangare ya zama sinadarin akrolin, mai yaji a ido da maƙogwaro, sauran ya zama baƙin kabon a ƙofar salansa. Ruwa kuma, ko na raɓar da ke taruwa a tanki ko wanda ya zo da fetur ɗin 'yan bumburutu, yana warware man ya saki asid, asid ɗin ya ci jet na tagulla, wato 'yar ƙofar da fetur ke bi, da jikin kafireta, ya sa boris tsatsa idan inji ya daɗe a ajiye. Wannan duk a kan tataccen mai ake magana. Man gyaɗar gida da manjan kasuwa suna zuwa da ruwansu da tsakinsu da wani ƙaro na halitta mai ɗauke da fosforos da kalsiyom, waɗanda ke zama toka a bakin fulogi. Man da aka riga aka yi suya da shi ya riga ya fara lalacewa, ga gishiri a ciki.

Sai a ce to a ɗauki masu ƙaramar lambar aidin mana. Su kuma daskarewa suke yi. Man kwakwa yana daskarewa a wajen digiri 24, man alayyadi kusa da haka, manja da man kaɗe ba a magana. A jihar Kerala ta kudancin Indiya, inda kwakwa ta wadata kuma babu hunturu irin namu, direbobin babur mai ƙafa uku da masu sikuta sun daɗe suna zuba man kwakwa a madadin 2T, suna cewa hayaƙi ya ragu, inji ya yi laushi. Masu bincike na can sun auna abin, suka wallafa sakamakon a 2007: santsin na nan, amma ƙarfe ya fi cinyewa da man kwakwa zalla fiye da man kamfani, sai da aka zuba masa sinadarin hana cin ƙarfe sannan ya gyaru. A Kano ko Zinder ko Jos, daren hunturu ya sauka ƙasa da inda man kwakwa ke zama ruwa nesa ba kusa ba. Idan kashi 2 cikin 100 ne a cikin fetur ba lallai ya daskare ba. Amma a tsofaffin babura irin Suzuki da Jincheng AX100, masu tankin mai daban da ɗan famfo mai tura shi, man zalla ne a cikin siririn tiyo. Ya daskare, famfo ya juya a banza, inji ya yi tafiya da fetur tsagwaronsa.

Man zurma daban yake

Zurma, da wasu ke kira cika-gida, ita kaɗai ce a cikin tsirrai ta yi suna na gaske a wannan fage. Kusan kashi 90 cikin 100 na manta asid guda ne, risinoleyik, wanda ke ɗauke da ƙarin ƙwayar oksijin da haidurojin a tsakiyar sarƙarsa. Wannan ƙari shi ya canza komai. Kaurinsa ya kai wajen sentistok 250 a digiri 40, ninki shida na man gyaɗa, kuma a digiri 100 yana nan wajen 19. Yana kama ƙarfe mai zafi ya ƙi saki a inda man ƙasa zai tsinke ya gudu.

Jiragen saman Yaƙin Duniya na Ɗaya masu injin da ke juyawa gaba ɗayansa, irin Gnome da Le Rhône da Clerget na Faransa, da man zurma suka yi aiki. Ba masu bugu biyu ba ne, amma matsalarsu iri ɗaya ce: fetur yana ratsa ɗakin kurankishaf, man kuma ba ya dawowa. An zaɓi man zurma ne domin fetur ba ya wanke shi daga ƙarfe da sauƙi. Jamus, da takunkumin teku ya hana ta samunsa, ta koma wa madadi na man ƙasa, kuma wasu injunanta sun riƙa kamawa saboda haka. Daga baya Castrol R na Ingila ya zama man 'yan tseren babura shekara da shekaru, kuma har yau akwai irin su Maxima Castor 927 da Klotz BeNOL a hannun masu tseren ƙananan motocin kat. Masu ƙananan jiragen wasa na hannu suna haɗa shi da barasar metanol, kamar kashi 20 cikin 100, domin a barasa yana narkewa sarai.

Abin da 'yan tsere ke so a jikinsa shi ne halinsa a lokacin da inji ya wuce ƙa'idar zafi. Maimakon ya zama tururi ya bar ƙarfe tsirara, sai ya saki ruwan da ke cikin ƙwayarsa, sarƙoƙin su fara ɗaurewa, ya koma wani mai da ya fi na farko kauri, wanda har yanzu yana shafe ƙarfe. Wannan ke ba fistin 'yan daƙiƙoƙin da za su cece shi daga kamawa. Sai dai matakin da ke biye da wannan shi ne busasshen danƙo. Masu yin fenti da gangan suke cire wa man zurma ruwa don su sami man da ke bushewa, kuma abin da injin ke yi ke nan ba da niyya ba. Ɗan tsere bai damu ba, domin yana zuba man da yawa, 20:1 ko ma 16:1, yana haɗa na yini ɗaya kawai, kuma bayan 'yan awoyi zai kwance silinda ya wanke fistin ya sake ringi. Mai janaretan da ke kunna shi kowane dare ba haka yake yi ba, ba kuma zai yi ba.

Ga kuma matsalar haɗuwa. Dalilin da ya sa jiragen can suka so shi, shi ne dalilin da ya sa yake ba mai haɗa fetur wahala: ba ya son zama a cikin fetur. Ya danganta da irin fetur ɗin da zafin gari. Da rana yana iya narkewa, da asuba a tarar ya kwanta a ƙasan tanki, musamman idan akwai ɗigon ruwa a ciki. Famfon tanki daga ƙasa yake ɗiba, don haka kafireta za ta fara shan mai kusan zalla, fulogi ya jiƙe inji ya ƙi tashi. Idan aka matsa ya tashi ya shanye wannan, abin da ya rage a sama fetur ne da ba shi da isasshen mai. Ba a kuma gauraya shi da man ƙasa a mazubi ɗaya, domin sukan rabu ko su yi kumfar laka mai toshe tiyo. Ko kwalaben kamfani masu man zurma suna ɗauke da wannan gargaɗi, ban da waɗanda aka haɗa musamman da man da ake ƙerawa da sinadarai a masana'anta.

Zurma tana fitowa a ƙasarmu ko ba a shuka ba, ƙwayarta kusan rabi mai ce, kuma Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja tana da ita cikin amfanin gonar da aka ɗora mata. Amma man da ake samu ta hanyar soya ƙwaya a daka a tafasa, baƙi ne mai ruwa da toka, ba shi ne abin da ke cikin kwalaben 'yan tsere ba. Wancan an matse shi, an cire masa ƙaro, an rage asid, an busar, an zuba masa sinadaran wanki. Indiya, musamman jihar Gujarat, ita ce ke riƙe da mafi yawan kasuwar duniya a wannan. Duk mai niyyar matsewa kuma ya sani cewa gubar risin ba ta bin man, a cikin tunkuzar take zama, kuma tana kashe dabba da mutum.

Abin da ke cikin kwalaben da ake cewa na tsirrai ne

Masana'anta ba ta zuba ɗanyen mai a kwalba. Ana raba sarƙoƙin da gilisarin, a zaɓi waɗanda ba su da gurare masu rauni da yawa, kamar asid oleyik ko gajerun sarƙoƙin man kwakwa da alayyadi, a ɗaura su a kan wata barasa mai jure zafi, galibi wadda ake taƙaita sunanta da TMP. Abin da ya fito ana kiransa esta. Ya gaji santsin man tsirrai, ya rabu da mafi yawan danƙonsa, yana narkewa a fetur, ba ya daskarewa da wuri. Sannan a zuba masa maganin oksijin da sinadarin wanke ringi marar toka. Cibiyar Man Fetur ta Indiya da ke Dehradun ta yi irin wannan da man zurma, kuma rahoton da aka buga a 2011 ya ce hayaƙi ya ragu da kashi 50 zuwa 70 cikin 100 a haɗin kashi 1 cikin 100. Kada a rikita wannan da dizal na tsirrai, wanda shi ma esta ne amma kaurinsa sentistok 4 zuwa 5 ne kacal a digiri 40. Makamashi ne, ba zai riƙe boris ba.

Ba inji ne ya tura Turawa neman irin wannan mai ba, ruwa ne. Injin kwale-kwale a ƙarƙashin ruwa yake fitar da hayaƙinsa, kuma mai bugu biyu mai kafireta yana iya zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na abin da ya sha ba tare da ya ƙone ba, saboda ƙofar shiga da ta fita suna buɗe a lokaci guda. Damuwa a kan Tafkin Konstans, wanda Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka kewaye kuma miliyoyin mutane ke sha daga gare shi, tana cikin abin da ya haifar da gwajin ruɓewar mai na Turai na 1982, wanda don man injin kwale-kwale aka tsara shi. Mizanin da aka fi bi yanzu shi ne mai ya ruɓe da aƙalla kashi 60 cikin 100 a kwana 28. Man tsirrai da mafi yawan esta suna tsallake wannan, man ƙasa ba ya kaiwa. A Amurka ma an hana irin waɗannan injuna shiga Tafkin Tahoe tun 1999.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ke jan jiragen kaya da na masunta a Baga da Yawuri da Kainji da Yeji ta Gana, yana iya shan wajen lita 20 a awa idan an buɗe masa wuta duka. Mililita 400 ke nan na mai a kowace awa, kuma wani kaso nasa a ruwan da ake kamun kifi ake sha yake ƙarewa. Idan akwai wurin da mai mai ruɓewa ya cancanci ƙarin kuɗinsa, to nan ne. Amma a faɗi gaskiya, man kashi 2 ne cikin 100 na haɗin, sauran fetur ne, kuma shi ma yana zuba. Canza mai yana rage ɓarna, ba ya kawar da ita.

Rubutun da ke jikin kwalba na cewa mai yana ruɓewa ba ya nufin daga tsiro aka yi shi, kuma hoton ganye ba shaida ba ne cewa zai kare inji. Shaidar ita ce tambarin gwaji. Ga injin da iska ke sanyayawa, wato janareta da zarto da injin feshi da babur, a nemi JASO FB ko FC ko FD. Japan ce ta kafa wannan mizani a 1994, aka ƙara FD daga baya, kuma ana gwada santsi da wanke ringi da hayaƙi da toshewar salansa. FC da FD su ne masu ƙarancin hayaƙi, FD ya fi wanki, kuma tokarsa ba ta wuce kashi 0.18 cikin 100. Ga injin kwale-kwale, wanda ruwa ke sanyayawa kuma ba ya kai wancan zafi, TC-W3 ake nema, marar toka gaba ɗaya. Kamfanonin zarto suna hana zuba man kwale-kwale a zarto, kuma suna da hujja.

Sai dai a garuruwanmu ba 2T mai tambari ne abokin gasar man gyaɗa ba. Abin da aka fi zuba wa ƙaramin janareta shi ne baƙin man mota SAE 40, na kwalbar lemo a bakin titi, wani lokaci ma wanda aka juye daga wata motar. Man mota an cika shi da sinadaran kalsiyom da zinki don ya yi watanni a kwano, ba don ya ƙone ba, kuma tokarsa tana kusan kashi 1 cikin 100, ninki huɗu ko biyar na abin da aka yarda wa man 2T. Wannan toka ke haɗe bakin fulogi, ta taru a kan fistin ta yi ja ta kunna fetur kafin lokaci, ta toshe salansa. Injunan da can sun yi aiki da man mota a haɗin 20:1 ko 25:1, amma man wancan zamani ba shi da waɗannan sinadarai da yawa, injunan kuma ba su da saurin na yanzu. Idan dole ta kama cikin dare, sabon man mota na tanki ɗaya ya fi man girki aminci, domin ba ya rabuwa da fetur kuma ba ya ɗaure ringi da sauri. Na juye kuwa ba shi da wani uzuri.

Awo da dubawa

Sirinji mai mililita 20 na kantin magani ya fi murfin kwalba da ƙiyasin ido: cikinsa ɗaya ga kowace lita a haɗin 50:1, cikinsa huɗu ga galan mai lita 4. Abin da littafin injin ko rubutun jikin tanki ya ce shi ake bi. A jarka ake haɗawa ba a tanki ba: a zuba rabin fetur, a zuba man, a girgiza, a cika, a sake girgizawa. Kada a haɗa fiye da abin da zai ƙare cikin wata ɗaya, idan kuwa mai man zurma ne, na yini ɗaya ko biyu. Ƙara mai don a kyautata wa inji ba kyautatawa ba ce. Yana ƙara kabon da hayaƙi, kuma tun da jet ɗaya suke bi, man yana ɗan rage fetur ɗin da ke wucewa.

Duk man da ake shakka a kansa ana iya yi masa gwaji biyu a gida. A haɗa shi da fetur ɗin da za a yi amfani da shi a farar kwalba mai murfi, a girgiza, a ajiye a wuri mafi sanyi nesa da wuta har safiya. In ya yi hazo, ko an ga layi a ƙasa, bai haɗu ba. Na biyu, a shafa ɗigo a kan tsabtataccen ƙarfe a bar shi a rana mako guda, a gefensa ɗigon 2T na kirki. Wanda ya fara kama yatsa zai yi abin da ya fi haka a ramin ringi. Tsallake waɗannan biyu ba ya nufin man ya yi, faɗuwa ce ke nufin bai yi ba.

Don ganin halin da inji ke ciki ba sai an kwance silinda ba. A cire hular fulogi, a kwance salansa, a haska ta ƙofar. A ja igiya a hankali har ringi ya bayyana, a danna shi da tsinken itace: lafiyayye zai ɗan shiga ya dawo. Gefen fistin ya kamata ya zama fari-fari mai laimar mai. Launin ruwan goro a ƙasan ringi alamar iskar wuta ce ke zarcewa, zane a tsaye kuwa an riga an fara cin ƙarfe. Idan za a kankare kabon daga ƙofar, a ɗaga fistin ya rufe ta tukuna don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki, a yi da itace ba da sukundireba ba. Injin da aka riga aka yi wa tanki ɗaya ko biyu da man girki, a zubar da ragowar, a zuƙe kofin kafireta, a koma man FD, a sake dubawa bayan 'yan tankuna. Idan ringi ya riga ya maƙale babu man da zai sake shi, sai an fitar da fistin an wanke ramin.

Raguwar hayaƙi kuma kada ta ruɗi kowa. Shuɗin hayaƙin da ake gani ɗigon mai ne, amma iskar da ke kashe iyalai a ɗaki, kabon monoksaid, daga fetur take fitowa, ba ta da launi ba ta da wari. Ko da wane mai aka haɗa, janareta a waje yake kwana, nesa da taga.

Akwai wuri ɗaya a jikin waɗannan injuna da man tsirrai ke aiki ko ba a sarrafa shi sosai ba: tanki na biyu na zarto, mai shafe sarƙa. Wannan man ba ya shiga wuta, sarƙa ce ke watsa shi duka a daji da gona. Jamus ta fara ba man sarƙa mai ruɓewa tambarinta na kare muhalli tun ƙarshen shekarun 1980, kuma mafi yawansa man fure ne irin na kanola da aka zuba wa sinadarin yauƙi. Tataccen man girki yana iya maye gurbinsa, kuma ya fi man juye da masu zarto suka saba zubawa, wanda ke ɗauke da garin ƙarfe mai cin famfo ga illa ga fata. Man girkin ya fi man sarƙa tsinkewa, don haka a ƙara buɗe sukurun famfon idan zarton na da shi, a gwada ta hanyar nuna bakin zarto ga sabon kututture a ba shi wuta: ya kamata a ga siririn layin mai cikin 'yan daƙiƙoƙi. Danƙon nan ma yana nan yana jira. Idan za a ajiye zarto fiye da 'yan makonni, a juye tankin, a zuba ɗan man sarƙa na ƙasa a kunna ya ratsa famfo, a cire sarƙa da faranti a goge ramin farantin kafin a rataye.